Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: fatishan ɗin tashi na tarayya, ko kowa da nasa?

Duk wanda ya taɓa ɗora Linux a gefen Windows ya san inda hannu yake tsayawa. Ka zaɓi harshe, ka zaɓi agogo, komai na tafiya sumul, sai ga teburin faifai ya bayyana a gabanka. A can farkonsa akwai wani ɗan mitsitsin fatishan, wato yanki na faifan, megabait 100 kacal, tsarinsa FAT32, wanda ba ka taɓa ganinsa a cikin Windows ba domin ta ɓoye shi. Manhajar girkawa tana jiran ka ce mata wani abu a kansa. A yi amfani da shi tare? A yanka sabo? Idan kuma Linux biyu za ka zuba, su haɗa fatishan ɗin /boot ɗaya don a rage ɓarnar wuri?

Yawancin ruɗanin da ke cikin wannan tambaya daga suna ya samo asali. Abu biyu ne daban ake kira fatishan ɗin tashi, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko shi ne ESP, wato fatishan ɗin da UEFI, manhajar da ke jikin kwamfutar kanta mai fara tayar da ita, ke leƙawa da zarar ka danna maɓallin kunnawa. Na biyu shi ne /boot na Linux, inda kenel yake zaune, wato zuciyar manhajar, tare da fayil ɗin initramfs da ke taimaka masa tashi, da saitunan GRUB, manhajar da ke nuna jerin zaɓi ta tayar da Linux. Shi ESP tun ran gini an tsara shi ne don a zauna a cikinsa tare. Shi kuwa /boot, a yadda yawancin Linux ke amfani da shi, ɗaki ne na mutum ɗaya. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya gama rabin aikin.

Abin da ke cikin ESP

In kana kan Linux, buɗe /boot/efi ka shiga foldar EFI. A kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Ubuntu da Fedora za ka tarar da folda huɗu a jere: Microsoft, ubuntu, fedora, da wata mai suna BOOT. A cikin ta Microsoft akwai bootmgfw.efi da rumbun saituna mai suna BCD. A cikin ta ubuntu akwai shimx64.efi, wato shim da ke fara tashi ya kira GRUB, sai grubx64.efi da wani ɗan guntun grub.cfg mai layi uku, wanda ba ya yin komai sai nuna wa GRUB lambar fatishan ɗin da cikakken saitinsa yake. Ta fedora ma kusan haka take. Kowa da ƙofarsa, babu mai taɓa kayan wani.

To ta yaya kwamfuta ke sanin wadda za ta buɗe? Wannan bayani ba a kan faifai yake ba. Yana cikin wata 'yar ma'ajiya da ke jikin babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, ana kiranta NVRAM. A nan ake rubuta jerin sunaye: Boot0000 na Windows ne, yana nuni ga fayil kaza a fatishan kaza, Boot0003 na Fedora ne, sai wani layi mai suna BootOrder da ke faɗin wa za a fara gwadawa. Umarnin efibootmgr zai nuna maka su duka. Ka riƙe wannan ma'ajiya a ranka, za mu dawo gare ta, domin ita ce abin da babu yadda za ka yi ka raba wa kowa tasa.

Hanya ta farko: ESP ɗaya, kowa ya shigo

Wannan ita ce hanyar da manhajojin girkawa ke bi da kansu idan ba ka ce komai ba, kuma a kwamfuta mai faifai ɗaya ita nake ba da shawara. Ba a yanka komai, ba a matsar da komai. Linux ta buɗe foldarta a gefen ta Microsoft, ta rubuta sunanta a NVRAM, shi ke nan. Manhajar tayarwa irin systemd-boot tana ganin Windows da kanta muddin suna cikin ESP ɗaya, ba sai ka rubuta mata ko layi ɗaya ba.

Sai dai zama tare yana da wuraren saɓani, kuma na farkonsu ƙunci ne. Windows ta daɗe tana yanka megabait 100, sai a faifai mai gidajen ajiya na bait 4096 ne take yin 260, domin FAT32 ba ya yiwuwa a ƙasa da kimanin haka a irin wannan faifai. Ita kanta tana cin kimanin 30 daga ciki. Idan Linux ɗinka da GRUB take tashi, kuma kenel yana can a /boot, to 'yan megabait kaɗan take buƙata, ɗari ya wadatar har da ragowa. Amma ba duka ne ke yin haka ba. Pop!_OS tana kwafe kenel da initramfs zuwa cikin ESP. Mai amfani da Arch da ya zaɓi systemd-boot shi ma galibi a nan yake zuba nasa. Haka masu haɗe kenel da initramfs su zama dunƙulallen fayil ɗaya, wanda ake kira UKI. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fayiloli na iya cin gomman megabait, in kuma an cusa direban Nvidia a ciki ya ƙara kumbura. Ƙara da cewa kamfanoni irin HP da Dell suna ajiye kayan gwajin lafiyar kwamfuta a wurin, kuma fwupd a nan yake sauke fayil kafin ya sabunta UEFI. Kafin ka ankara wuri ya cika.

Cikar ESP kuwa kowa take shafa. A ɓangaren Linux, sabon initramfs zai iya tsayawa a rabin rubutu, ka kashe kwamfuta lafiya, gobe ta ƙi tashi. A ɓangaren Windows, babbar sabuntawa za ta iya komawa da baya tana cewa ta kasa gyara fatishan ɗin tsarin, kuma rashin wuri a nan yana cikin dalilan da ke jawo lambar kuskure 0x800f0922. Shi ya sa Fedora take yanka megabait 600 idan ta samu faifai babu kowa, kuma jagoran Arch yake ba da shawarar gigabait 1.

Wani zai ce sai a faɗaɗa shi mana. A nan nake roƙon a yi hattara. A tsarin da Windows ke shimfiɗawa, bayan ESP akwai wani fatishan na megabait 16 mai suna MSR, bayansa kuma C: ne kai tsaye, wato babban fatishan ɗin Windows. Babu fili. Kafin ka ƙara wa ESP ko taku ɗaya sai ka tura farkon C: gaba, aiki mai ɗaukar lokaci, wanda in wuta ta ɗauke a tsakiya komai na iya salwanta. Sannan GParted, manhajar gyaran fatishan ta Linux, ba ya iya faɗaɗa tsarin FAT da bai kai megabait 256 ba, sai dai ka kwashe fayilolin, ka goge, ka sake mayarwa. Garin gyaran gira ana rasa ido a wannan wuri. Idan sabon girki za ka yi daga tushe, maganin yana da sauƙi: a fuskar girka Windows danna Shift da F10 tare, shiga diskpart, ka yanka ESP da hannunka da umarnin create partition efi size=1024, ka yi masa tsarin FAT32, sannan ka bar Windows ta ci gaba a sauran filin. Za ta karɓi wanda ta tarar ba musu.

Saɓani na biyu na suna ne, kuma ya fi yaudara. Foldar kowa tana ɗauke da sunan da mai manhajar ya zaɓa. Linux Mint, da yake daga Ubuntu ta fito, ita ma ubuntu take kiran foldarta. Haka Kubuntu da Xubuntu, haka kuma idan ka zuba Ubuntu biyu, tsohuwa da sabuwa. Duk wadda aka girka daga baya, ko ta sabunta GRUB daga baya, za ta sake rubuta ɗan guntun grub.cfg ɗin nan ya koma nuni gare ta. Ta farkon tana nan lafiya a fatishan ɗinta, ƙofarta ce aka karɓe. Ana iya sauya suna da zaɓin bootloader-id na grub-install, amma idan Secure Boot, tsarin da ke hana fayil marar amintaccen sa hannu tashi, na kunne abin ba ya tafiya cikin sauƙi, domin GRUB ɗin da Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ta sa wa hannu a foldar ubuntu yake neman saitinsa. Windows da Fedora da Debian ba su da wannan matsala a tsakaninsu. 'Yan gida ɗaya ne ke yin ta.

Akwai kuma foldar BOOT, mai ɗauke da BOOTX64.EFI. Ita ce ƙofar ko-ta-kwana: idan UEFI bai samu komai a NVRAM ba, nan yake nufa. Guda ɗaya ce a kowane ESP, kuma Windows da Linux duk suna iya rubuta nasu a kai. A yawancin kwamfutoci ba za ka taɓa lura ba. A wasu allunan da ba sa riƙe jerin NVRAM da kyau, wannan fayil ne ke yanke hukuncin wa zai tashi.

Na ƙarshe shi ne barcin wucin gadi. FAT32 ba shi da kundin da zai warware rubutun da aka bari a rabi. Idan ka sa wata manhaja ta yi dogon barci, wato ta adana halin da take ciki a faifai ta mutu, sannan ka tashi ɗayar ta yi rubutu a ESP, to mai barcin za ta farka da tsohon hoton wurin a kanta, kuma rubutunta na gaba na iya dagula fayiloli. Tun daga Windows 8 a 2012, kashewar yau da kullum ma wani nau'in barci ce saboda tsarin saurin tashi. Umarnin powercfg /h off yana rufe wannan ƙofa gaba ɗaya a ɓangaren Windows, kuma ko don fatishan ɗin NTFS da kake so Linux ta riƙa buɗewa, ya kamata ka yi shi.

Kada in manta da ɗan akwatin nan na gogewa da ke gefen kowane fatishan a lokacin girki. A kan ESP na tarayya, kada hannunka ya kusance shi. Danna shi sau ɗaya yana share foldar Microsoft da ta kowa. Ana iya dawo da ta Windows da filashin girki da umarnin bcdboot, bayanan da ke C: ba su tafi ko'ina ba, amma wanda bai sani ba zai ɗauka ya rasa komai, ya je ya goge faifan da kansa.

Hanya ta biyu: kowa da ESP ɗinsa

Idan faifai biyu gare ka, lissafin ya juya. Windows a ɗaya, Linux a ɗaya, kowane faifai da nasa ESP. Abin da wannan ke saya maka ba ƙarami ba ne: kowane faifai yana tsayuwa da ƙafarsa. Ka cire na Linux ka kai wata kwamfuta, Windows ba ta san an yi ba. Na Windows ya mutu, Linux na tashi. Kowa yana da tasa ƙofar ko-ta-kwana, rikicin sunan ubuntu ya kau, kuma kana da 'yancin yanka wa Linux gigabait guda ba tare da ka taɓa C: ba. Aikin Asahi, mai kai Linux kan kwamfutocin Apple masu guntun M1 da na bayansa, ya ɗauki wannan tafarki har ƙarshe: kowace manhaja da aka girka tana samun ESP nata.

Wahalar tana wurin girki, domin manhajojin girkawa suna son ESP ɗin da suka tarar. Ka sa sabon faifai, ka girka Windows a kai alhali tsohon faifai mai ESP yana jone, sau da yawa sai ta zuba fayilolin tashinta a tsohon, ta bar sabon babu ESP sam. Komai zai yi aiki har ranar da ka cire tsohon faifan, a ranar ne za ka gane Windows ɗinka a ƙofar wani take fita. Tsohuwar manhajar girka Ubuntu, Ubiquity, ita ma ta yi shekaru da irin wannan hali: ko ka nuna mata faifai na biyu, ESP na farko da ta gani take zuba GRUB. Maganin da ba ya kuskure shi ne na hannu. Kashe kwamfuta, zare ɗayan faifan, ka girka, ka mayar. In faifan NVMe ne da ke ƙarƙashin murfi mai wuyar buɗewa, wasu allunan suna bari a kashe shi daga saitin UEFI, ko ka cire masa tutar esp da GParted na ɗan lokaci, ka tabbata ka mayar kafin ka sake kunnawa.

Abin da ka rasa a wannan hanya shi ne sauƙin jerin zaɓi. systemd-boot ba ya leƙa ESP na wani faifai, saboda haka ba zai nuna maka Windows da kansa ba. GRUB zai iya, ta hanyar os-prober mai nemo masa sauran manhajojin da ke kwamfutar, wanda tun fitowar GRUB 2.06 a 2021 a kashe yake zuwa, sai ka rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub, ko da yake wasu Linux suna kunna maka shi. rEFInd na Roderick Smith shi ne gwani a nan, yana zagaya dukkan faifan da ke jone duk lokacin tashi ya jero abin da ya gani. Ko kuma ka manta da su duka ka riƙa danna maɓallin zaɓi na allon kanta: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, F11 a MSI, F8 ko Esc a Asus.

To ESP biyu a faifai ɗaya fa? Ƙa'idar UEFI ba ta hana ba, kuma mutane da dama suna yi don tsere wa ƙuncin megabait 100. Yana aiki a kwamfutoci da yawa. Amma kayan girki da na gyaran Windows an gina su ne da tunanin guda ɗaya za su tarar, kuma ranar gyara ba ranar da kake son manhaja ta yi canki-canki ba ce. Ni ina ajiye wannan a matsayin mafita ta ƙarshe, bayan wata da zan ambata a ƙasa.

Abin da warewa ba ta magancewa

Mutane da yawa suna ware ESP ne saboda tsoron abin da ake cewa Windows ta cinye GRUB. A zamanin BIOS da MBR, tsohon tsarin da ya gabaci UEFI, maganar gaskiya ce tsantsa. Gidan farko na faifai bait 512 ne, 446 daga ciki na lambar tashi, kuma mai shi ɗaya ne tak. Duk wanda aka girka daga ƙarshe ya hau kai. Shi ya sa aka saba cewa a fara da Windows a ƙare da Linux. Wanda har yau yake kan irin wannan tsohuwar kwamfuta, dokar ba ta canza masa ba. Abu ɗaya kawai zai kiyaye shi ne kada ya girka ɗaya a yanayin BIOS ɗaya a yanayin UEFI, domin GRUB na wannan yanayi ba ya iya tayar da Windows ta wancan. Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, UEFI kaɗai ta yarda da shi a hukumance.

A UEFI kuwa, idan ka kunna kwamfuta ta zarce Windows ba tare da ta nuna GRUB ba, je ka duba, kusan kullum foldar Linux tana nan daram. BootOrder ne aka sauya, ko sabunta UEFI ya share jerin NVRAM. Gyaran bai wuce shiga saitin allo ka ɗaga sunan Linux sama ba, ko efibootmgr -o 0003,0000 daga filashi. Kuma wannan zai same ka ko ESP goma gare ka, tunda NVRAM ɗaya ce.

A watan Agustan 2024 an ga misalin da ya fi wannan zafi. Wata sabuntawar tsaro ta Windows ta rubuta sabuwar dokar SBAT, wadda ke haramta tsofaffin shim da GRUB masu rauni. Microsoft ta ce ba za a ɗora ta a kwamfutocin da ke ɗauke da Linux a gefe ba, amma gano su bai yi aiki a ko'ina ba, sai mutane suka wayi gari Linux ta ƙi tashi da saƙon cewa an saɓa dokar tsaro. Babu fayil ɗin da aka taɓa a ESP. A NVRAM aka rubuta dokar, don haka mai faifai biyu ma bai tsira ba. Abin da ya kare wasu shi ne shim ɗinsu sabo ne.

BitLocker, mai kulle bayanan faifai a Windows, ma haka. Yana auna hanyar da aka bi aka tashi ta guntun tsaro na TPM, kuma idan hanyar ta sauya, misali Windows ta fara bi ta cikin GRUB, ko ka kashe Secure Boot, zai iya tsayar da kai ya nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Kwamfutoci da yawa yanzu da kullen a kunne suke zuwa ba tare da mai su ya sani ba. Nemo mabuɗin nan ka rubuta shi a takarda kafin ka taɓa komai, kowace hanya ka zaɓa.

Tarayya a /boot

A nan ba ni da wata-wata: kada ka yi, sai da sharaɗi ɗaya. Na taɓa yi, a lokacin da nake ganin asara ce Linux biyu kowacce ta riƙe nata. Makonni komai lafiya. Ran nan ɗaya ta sabunta kenel, ta sake gina jerin GRUB, na kunna na ga layuka sun ninka. Na zaɓi kenel ɗin da na san na ɗayar ce, allo ya cika da rubutu, ta tashi, amma babu intanet, babu sauti, linzamin ma ba ya motsi. Na daɗe ina kallon baƙin allo kafin in gane abin da ya faru: kenel na wannan gida ne, aka haɗa shi da fatishan ɗin wancan, ya je neman direbobinsa a /lib/modules bai tarar da foldarsa ba.

Dalilin a bayyane yake idan ka san yadda grub-mkconfig, umarnin da ke gina jerin GRUB, ke aiki. Yana ɗaukar duk fayil mai suna vmlinuz da ya gani a /boot a matsayin nasa, ya liƙa masa adireshin tushen manhajar da ke gudana a lokacin, wato babban fatishan ɗinta. Ba shi da hanyar sanin na baƙo. Fayil ɗin /boot/grub/grub.cfg kuma ɗaya ne, Debian da Ubuntu da Arch duk shi suke rubutawa, na ƙarshe ya shafe na farko. Arch ba ta ma sa lamba a sunan kenel ɗinta, vmlinuz-linux ne kullum, saboda haka Arch biyu, ko Arch da EndeavourOS, kai tsaye za su riƙa danne fayil ɗin juna. Manajan fakiti na kowacce bai san da zaman kayan ɗayar ba, ba zai share tsofaffinsu ba, wuri ya yi ta cika. Duk wannan don a tsimi gigabait ɗaya.

Tambayar da ta fi dacewa ma ita ce ko kana buƙatar fatishan ɗin /boot daban tun farko. Idan tushen Linux ɗinka ext4 ne ba a kulle ba, bar /boot ta zama folda kawai a cikinsa, GRUB na karanta ta ba matsala. Inda ake buƙatar ware shi shi ne idan ka kulle tushen da LUKS, domin har zuwa GRUB 2.12 ba ya iya buɗe LUKS2 mai amfani da Argon2, wanda shi ne zaɓin asali na cryptsetup. A nan kowace Linux ta samu nata, gigabait 1 ko fiye.

Sharaɗin da na ce shi ne ƙa'idar BLS, wadda mutanen systemd suka rubuta musamman don wannan matsala. A ƙarƙashinta babu babban fayil ɗaya da kowa ke kokawa a kai. Kowane kenel yana da ɗan fayil ɗin bayaninsa a loader/entries, sunan yana farawa da lambar shaidar manhajar da ke /etc/machine-id, kenel ɗin kansa kuma yana cikin folda mai wannan lamba. Ta kuma tanadi wani fatishan na ƙari mai suna XBOOTLDR, lambarsa EA00 a gdisk, wanda ake yankawa a faifai ɗaya da ESP. Wannan ita ce mafitar da na fi so ga mai ESP na megabait 100 da ke son systemd-boot: ka bar ƙaramin yadda yake, manhajar tayarwa ta zauna a ciki, kenel su koma XBOOTLDR mai faɗi da ka yanko daga ƙarshen C:. Ka yi masa FAT32 don UEFI ya iya karanta shi. Tsari ne mai tsafta ƙwarai, amma sai duk mazauna sun bi shi. Fedora tana rubuta irin waɗannan fayiloli tun fitowa ta 30 a 2019, sai dai da GRUB take karanta su daga /boot nata. Debian da Ubuntu kuwa fakitin kenel ɗinsu ba ya jituwa da /boot mai tsarin FAT, don haka can sai dai a bar /boot a tushe a riƙa kwafe kenel zuwa wurin tarayya. Aiki ne na wanda ya saba da hannu, ba na girkin farko ba.

Wa zai riƙe jerin zaɓi

Ko da ka daidaita fatishan, saura wannan. Idan Linux biyu kowacce tana da GRUB, zaɓi ɗaya ta zama mai jan ragama, ka sa ta a saman BootOrder. Amma ka sani jerin da os-prober ya gina hoto ne na ranar da aka gina shi. Ɗayar ta sabunta kenel, ba zai bayyana ba sai ka koma ta farkon ka sake gina jerin. Kuma idan Secure Boot na kunne, GRUB na Ubuntu ba zai ɗauki kenel na Fedora kai tsaye ba, domin mabuɗin Canonical ya sani, ba na Fedora ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne kowacce ta tashi ta shim da GRUB nata, kai kuma ka zaɓa daga maɓallin allo.

Saboda haka, mai laftof da faifai ɗaya, Windows da Linux ɗaya mai GRUB: yi tarayya a ESP ɗin da ka tarar, kada ka goge shi, kashe saurin tashi, ka bar /boot a cikin tushe. Wannan ne halin mafi yawan masu tambayar, kuma ba sa buƙatar fiye da haka. Mai faifai biyu ya ware, ya jure wahalar zare faifai na minti goma. Mai son gwada Linux uku ko huɗu a faifai ɗaya ya yanka ESP na gigabait 1 tun farko, ya lura da 'yan gidan Ubuntu, kowacce kuma ta riƙe /boot nata. Wanda ƙunci ya riga ya kama, ya duba XBOOTLDR ko ya koma GRUB kafin ya yi tunanin tura C:.

Kafin ka fara ko wanne, kwafe foldar EFI ɗungurungum zuwa filashi, ba ta kai girman bidiyo ɗaya na waya ba. Ka adana abin da efibootmgr -v ya nuna a fayil a gefenta, tare da na lsblk -f mai lambobin fatishan. Idan wata rana allo ya ce bai ga abin tayarwa ba, da waɗannan ukun da filashin Linux za ka mayar da fayilolin, ka sake rubuta layin NVRAM da efibootmgr -c, ka kunna.